Taki Kafin a Ce Masa Na Gargajiya: Tarihin Garkar Cikin Gida a Ƙofa da Kewayenta

Har zuwa zamanin kakanninmu, kalmar taki ba ta buƙatar wani ƙarin bayani. Idan manomi a Ƙofa ya ce zai kai taki gona, kowa ya san abin da yake nufi: kashin awaki da tumaki, sharar tsakar gida, toka, ragowar harawa da dabba ta tattaka, duk an tara su a juji sun ruɓe. Sai da baƙon buhu ya shigo aka sa masa suna takin zamani, daga nan ɗan gida ya koma ana ce masa takin gargajiya. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun saba da irin wannan, domin mun ga yadda wayar da kowa ke riƙewa a da ta koma "ƙaramar waya" ranar da Android ta iso. Yanzu kuma ga suna na uku ya zo ta YouTube da TikTok, wai noman oganik, ana koya mana yadda za mu shuka alayyafo da tumatir ba tare da sinadari ba. Masu fassara ma har suna cewa "lambun bayan gida", abin da zai sa tsohuwa a ƙauyenmu ta rufe baki tana dariya, don ita bayan gida wani wuri daban ta sani.

A farkon watan Fabrairu na 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bi ta Kusada a hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, inda ya isa ranar 2 ga watan. Tsakiyar rani ne, amma ya yaba ƙasar da ya ratsa ƙwarai: itatuwa, shanu, garuruwa masu ganuwa, da gonakin taba. Jigawa ce mai yashi, ruwan sama na wata huɗu kacal, kuma babu buhun taki ko ɗaya a duk faɗin ƙasar Hausa. A lokacin ma saura kusan shekara sittin kafin Fritz Haber ya gano hanyar kamo sinadarin naitirojin daga iska a 1909. To me ya riƙe ƙasar?

Amsar tana cikin gida. Gidan Bahaushe na karkara ya kasance masana'antar taki. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke don kada su yi ɓarna, ana yanko musu ciyawa. Da rani a ba su harawar wake da ta gyaɗa da dusa. Kullum da safe a share turken, a haɗa da tokar murhu, a zuba a juji. Kafin ruwa ya sauka sai jaki da mangala su kwashe zuwa gona. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967 ta kuma fitar da littafinta kan ƙauyen a 1972, ta bayyana yadda gonakin da ke kewaye da gari, wato karkara, ake noma su kowace shekara ba hutu saboda takin da suke samu, saɓanin gonakin daji da ake bari su huta. Michael Mortimore ya ga irin wannan a kewayen Kano: jakuna su shiga birni da itace, su fito da taki. Ga kuma gawo, itacen da ke kaɗe ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da Fulanin da ake roƙo su yi mashekari a gona bayan girbi, a sallame su da damin hatsi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawancin ƙananan dabbobin nan na mata ne. Akuyar uwargida ce ke ba gonar maigida taki. Kuma kafin takin ya kai gona, akwai kason da ke tsayawa a gida, a gindin danga. Nan ne asalin garkarmu ta cikin gida.

Ba wani fili ne da aka auna ba. Kabewa da duma da soso su hau danga su hau rufin bukka. Kuɓewa da yakuwa da rama su tsaya a lungun da ruwan indararo ke zuba. Lalo sau da yawa shi ke fitar da kansa, sai dai a hana yara tattake shi. Gwanda ko zogale a dasa inda ruwan wanka da na alwala ke gangarawa, don shi ne kaɗai ruwan da bai yankewa ko da bazara. Matar da ke kulle ba ta zuwa gona, amma miyar gidan a hannunta take, daga shuka har shanya. Abin da ya yi yawa a yanka a shanya: busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, zoɓo, barkono, ganyen rama. Da wannan ake ratsa rani. Wanda ke da fadama kuwa, shi ne mai lambu na sosai, yana ɗebo ruwa da jigo yana ba albasa.

Kuma kada mu ɗauka duk abin da ke cikin garkar nan ɗan asalin ƙasa ne. Kuɓewa, yakuwa, rama, gauta da wake ’yan Afirka ne. Amma barkono, tumatir, kabewa, gwanda, dankali da rogo daga nahiyar Amurka suka fito, ba su ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Zogale ɗan Indiya ne. Bedi, ko dogon yaro, wanda yau muke jiƙa ganyensa da ’ya’yansa mu fesa wa ƙwari, a 1928 aka fara dasa shi a Barno. Tsofaffinmu ’yan gwaji ne. Mahajjaci ko falke ya dawo da iri a ƙulle, a gwada shi a gindin danga inda ido ke kansa. In ya yi a yaɗa, in bai yi ba an yi asarar taku biyu na ƙasa. Irin tsarin da mu ma muke bi ke nan kafin mu saki sabuwar manhaja ga jama’a.

Turawan mulkin mallaka da farko ba takin buhu suka kawo ba, taki irin namu suka so a ƙara. Daga ƙarshen shekarun 1920 Sashen Gona na Arewa ya fara tallata noma da garmar shanu, da nufin manomi ya riƙe bijimai biyu, su yi masa huɗa su kuma ba shi taki. Masarautar Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Dikko tana cikin waɗanda suka karɓi tsarin, kuma gonar gwaji ta Kafin Soli, nan cikin ƙasar Kankiya, tana daga wuraren da aka yi irin waɗannan gwaje-gwaje. A daidai wannan zamani wani Bature mai suna Albert Howard yana Indiya yana koyon haɗa taki daga manoman can. Littafin da ya fitar a 1940 yana cikin tushen abin da Turai da Amurka suka kira noman oganik. Wato dabarar talakawan ƙasashe masu zafi ce ta je Ingila, aka yi mata riga, ta dawo mana da tsada.

A 1950 aka buɗe wani gwaji na dogon zango a Samaru ta Zariya, inda aka ware filaye ana zuba wa wasu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, shekara bayan shekara. Abin da aka gani bai goyi bayan masu tsattsauran ra’ayi na kowane ɓangare ba. Filayen da ake ba takin naitirojin zalla ƙasarsu ta yi tsami, amfanin ya riƙa raguwa. Waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu su suka fi riƙe ƙarfinsu.

Babban juyi ya zo a shekarun 1970. Fari ya buga a 1973, cuta ta kashe gyaɗa a 1975, da ita kuma harawa mai yawa ta tafi. Kuɗin mai ya shigo. A 1975 aka fara shirin raya noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, a 1976 kamfanin takin supa na Kaduna ya fara aiki, a shekarar kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, OFN. Abin dariya a nan shi ne shirin ya yi ta kira a rediyo cewa kowane gida da kowace makaranta su yi lambu, har aka tura ɗaliban jami’a ƙauyuka lokacin hutu. An aika yaran birni su koya wa jikokin masu garka yadda ake garka. Amma abin da ya zauna daga shirin shi ne buhun taki mai rahusa, wanda gwamnati ke biyan kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa. Wa zai yi sawu talatin da jaki alhali buhu biyu a bayan keke sun isa?

Ba za mu zargi iyayenmu ba, domin lissafin yana tare da su. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Busasshen takin dabbobi kusan kashi ɗaya cikin ɗari yake da shi, don haka sai an tara sama da tan biyu kafin a kamo buhu ɗaya. Jama’a sun ninka, gonaki sun tsattsage ta hanyar gado, burtali da makiyaya sun matse. Duk mai cewa a ciyar da Jihar Katsina ta yau da juji kaɗai, bai taɓa ɗora mangala ba.

Sai dai garkar cikin gida ba takin zamani ne ya kashe ta ba, don ita ba ta taɓa buƙatarsa ba. Siminti ne ya fara cinye ta. Danga ta koma katangar bulo, tsakar gida aka dabe ta, gida ɗaya aka raba wa ’ya’ya biyar kowa ya yi ɗaki da falo a inda kuɓewa take. Ruwan wanka ya cika da omo da bilic. Juji kuwa ya lalace: tun da ledar fiya wata ta yaɗu, abin da ake kwashewa daga bola rabi leda ne, ga matattun batura da fasassun kwalabe. Sannan tumatirin noman rani na Kadawa da sauran madatsun ruwa, da tumatirin gwangwani, da dunƙulen Maggi, suka sa sayen kayan miya ya fi shuka shi sauƙi. Har aka kai lokacin da ganin rama a tsakar gida ya zama alamar talauci.

Abin da ya dawo da hankalinmu ba wa’azin masu kare muhalli ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Waken da suka ƙi, mu muka ci gaba da ci. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, masu lambu suka ƙara yawan feshi. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. Ga rashin tsaro da ya hana mutane da yawa a jihar nan zuwa gonakin nesa. Matar da ke ƙirga tumatir uku a faranti ba ta buƙatar a yi mata lacca.

A ƙaramin fili kuma lissafin da ya kayar da takin gida a gona yana juyawa ya goyi bayansa. Ɗauki fili mai mita biyar da mita huɗu, wato murabba’in mita ashirin. Ko an zuba kilo biyu a kowace mita, kilo arba’in ke nan, abin da turken awaki biyu zai tara cikin ’yan watanni. Sharaɗin shi ne a bar shi ya ruɓe sosai, a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa, domin ɗanyen kashi yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta da ba a so a jikin ganyen da za a ci ɗanye. A nan muna da gyara ɗaya ga tsarin kakanni: toka ta fi amfani idan aka barbaɗa ta daban, don haɗa ta da ɗanyen kashi yana sa naitirojin ya tsere cikin iska. Wahalar gaske ita ce ruwa. Da bazara kowace mita tana shan aƙalla lita biyar a rana, wato lita ɗari, jarka huɗu ta ’yan garuwa, kullum. Wanda bai da rijiya ko famfo kusa, gara ya bi tsohon tsari: ya shuka da damina, ya shanya, ya bar zogale da gwanda su rayu da ruwan alwala. Wanda gidansa dabe ne, buhunan siminti da tsofaffin bokitai suna ɗaukar alayyafo da barkono, muddin an huda gindinsu.

Saura iri. Da yawa daga na fakiti da ake sayarwa a shagunan kayan gona, musamman tumatir, haɗin aure ne. Ya yi kyau a shekarar farko, amma ’ya’yansa ba sa fitowa kamar uwar, dole a koma a sake saya. Irin gida kuwa ba a shago yake ba. Yana wurin tsofaffin matan da har yanzu suke barin kuɓewar farko ta bushe a jikin karanta, su ɓare ta, su cakuɗa ’ya’yan da toka, su zuba a gora ko kwalba su toshe. A Ƙofa da Mawashi da Kaikai da sauran ƙauyukan Kusada akwai irin waɗannan goruna a rataye a ɗakuna, kuma ba a cika sayar da abin da ke ciki ba. Roƙa ake yi, a ba ka cikin tafin hannu, bisa fahimtar cewa in naka ya yi, wata shekara kai ma za a aiko wurinka.