Kwafi da Adana Rubutu a Ƙasar Haɗejiya: Daga Alƙalami zuwa Umarnin Kwamfuta

Kwafin rubutu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Haɗejiya, kuma abin da ya haife ta shi ne rashin tabbas na takarda guda ɗaya. Gara na cin ta, gobara na lashe ta, ruwa na wanke tawadarta. Barazanar ruwa ta fi tsanani a nan, domin garin Haɗejiya yana bakin Kogin Haɗejiya, kuma yankunan Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri suna cikin fadamar da ta miƙa har Nguru, wadda ke cika duk damina.

A ƙarni na 19, tun daga zamanin Sarki Sambo, wanda ya hau mulki wajen 1808, aikin rubutu yana hannun malamai da magatakardan fada. Magatakarda shi ke rubuta wasiƙun sarki da Larabci zuwa Sakkwato da masarautun maƙwabta irin su Kano da Katagum. Alarammomi da gwanaye kuwa suna rubuta Alƙur'ani da ka, ɗalibai na kwafar littattafan fiƙihu da nahawu daga hannun malamansu. Takarda tana da tsada saboda daga nesa take zuwa. Wadda ta fi yawa ita ce ta Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, da fatake ke kawowa Kano ta hanyar Tarabulus. Ana fiƙe alƙalami daga gamba ko kara, a haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ko da 'ya'yan gabaruwa. Ba a ɗinke littafin. Warƙoƙi ne a sake, don haka marubuci kan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, ta yadda ko sun tarwatse za a iya jera su. Daga nan a haɗa su cikin tadarishi, a sa a gafaka.

Kwafi bai cika ba sai an yi muƙabala: wani ya riƙa karanta asali, wani yana bin sabon rubutun da ido, ana gyara kuskure a gefen shafi. Ɗalibin da ya gama kuma yakan tafi garinsu da nasa, saboda haka littafi ɗaya yakan samu mazauni a garuruwa da dama. Da wannan ne rubuce-rubuce masu yawa suka tsira bayan asalinsu ya salwanta.

A watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka ci Haɗejiya da yaƙi, inda Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya rasa ransa. Mulkin En'e da ya biyo baya a ƙarƙashin Lardin Kano ya zo da sabon nau'in takardu: rajistar haraji da jangali, littafin baitulmali, da littafin shari'a na kotun alƙali. Keken rubutu da takardar kabon suka sa malamin ofis na fitar da kwafi biyu ko uku a bugu ɗaya, ɗaya ya zauna a fayil, ɗaya a aika Kano. Da yawa daga cikin takardun wannan zamani da masu bincike ke karantawa a yau, kwafin da aka tura sama ne, waɗanda suka ƙare a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

Daga baya injin gurza takarda ya shiga makarantu da ofisoshi, sannan na fotokwafi. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 da zuwan wayar salula a 2001, kwamfuta ta bazu a ofisoshi da shagunan buga takardu. Ajiya ta koma kan faifan filofi mai ɗaukar megabayit 1.44, sai faifan CD, sai filasha. Kwafi ya yi sauƙi, amma ya ci gaba da dogara ga mutum ya tuna ya yi shi. Filasha kuma tana ɓata, tana kwasar ƙwayar cutar kwamfuta daga wannan na'ura zuwa waccan.

Maganin mantuwa ya fito ne daga manhajar Unix, wadda aka fara a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1969. A cikin shekarun 1970 aka samar mata da cron, mai tayar da aiki da kansa a lokacin da aka tsara. A 1983 umarnin rcp ya ba da damar tura fayil daga kwamfuta zuwa wata da ke haɗe da ita, sai dai ba ya ɓoye abin da yake turawa. Tatu Ylönen na ƙasar Finlan ya toshe wannan kafa a 1995 da SSH. A 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da rsync a Ostireliya, wanda ke gwada fayilolin ɓangarorin biyu ya tura abin da ya sauya kaɗai. Masu Windows suna da makamancinsa, Robocopy, da kuma Task Scheduler mai kula da lokaci.

Yadda ake haɗa su ba shi da wuya. Ana rubuta ɗan gajeren jerin umarni, layi biyar ko goma, a fayil guda. Layin farko ya ambaci jakar da za a kwafa, misali ta sakamakon jarrabawar ɗalibai ko ta lissafin ɗan kasuwar kifi. Na gaba ya faɗi adireshin kwamfutar da za ta karɓa, ya buɗe mata jaka mai ɗauke da kwanan watan ranar. Sannan umarnin kwafi ya biyo, na ƙarshe kuma ya rubuta rahoto ko aikin ya kammala ko ya tsaya a hanya. Ana haɗa kwamfutocin da mabuɗin sirri don kada a riƙa tambayar kalmar shiga, a kuma ba agogon na'ura lokacin tashi. Manhajar na iya lissafa wata lamba daga abin da ke cikin kowane fayil ta gwada da ta kwafinsa, wanda shi ne muƙabalar wannan zamani.

Yanayin Haɗejiya yana ƙara sharuɗɗa biyu. Na farko wuta: a ƙasashen da lantarki ba ya yankewa, da tsakar dare ake tsara kwafi, amma a nan ya fi dacewa a sa shi da rana, lokacin da janareta ko sola ke aiki. A wannan fanni rsync na da amfani, domin in an ɗauke wuta ba sai ya sake tura abin da ya riga ya isa ba, kuma yana rage cin data. Na biyu ruwa. Duk da madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 da ke saman kogin, ambaliya ta yi ɓarna a yankin a 2018 da 2020 da 2022. Kwamfutoci biyu a ɗaki ɗaya ruwa ɗaya ne zai ci su. Shi ya sa ƙa'idar da masana ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gari mai tudu ko a rumbun intanet.

Umarnin na da nasa haɗari. In an tsara shi ya mai da ɓangarorin biyu daidai wa daida, fayil ɗin da aka goge bisa kuskure zai ɓace a wancan gefen ma, lalataccen fayil kuma zai danne mai kyau. Don haka ake ajiye kwafin kwanaki da yawa a jere, ana duba rahoto, ana kuma jarraba dawo da fayil lokaci-lokaci. Kwafin da ba a taɓa buɗe shi an tabbatar yana aiki ba, ba a lissafa shi cikin ajiya.