Furobayotik da Firibayotik

Furobayotik ƙananan halittu ne masu rai, galibi bakteriya irin su Lactobacillus da Bifidobacterium, waɗanda ke amfanar jiki idan an ci su daidai gwargwado. Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun tsayar da wannan ma'ana a 2001. Tun a 1907 masanin nan ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da shan nono mai tsami. A ƙasar Hausa kindirmo ne sanannen abincin da ke ɗauke da irin waɗannan bakteriya, muddin ba a sake tafasa shi ba bayan ya yi tsami, domin zafi yana kashe su.

Firibayotik kuwa abincinsu ne. Glenn Gibson da Marcel Roberfroid ne suka raɗa sunan a 1995. Wasu sinadarai ne, kamar inulin, da ciki ba ya iya narkarwa, sai su isa babban hanji inda bakteriya ke sarrafa su, su samar da sinadarin butyrate mai ciyar da bangon hanji. Ana samun firibayotik a albasa, tafarnuwa, wake da ayaba.

Shaida mafi ƙarfi game da amfanin furobayotik tana kan rage gudawar da shan maganin antibayotik ke haddasawa. Yawancin sauran alƙawuran 'yan talla ba su tabbata ba. Masu raunin garkuwar jiki da jarirai bakwaini kada a ba su furobayotik sai da izinin likita.