Idan fim ɗin 1917 ya burge ka, ga yadda za ka samo irinsa

Yawancinmu idan muka je wurin masu tura fim a waya, cewa kawai muke yi "a sa min na yaƙi". Sai a cika maka memori da harbe-harbe, kuɗinka ya tafi, ba ka samu abin da kake so ba. Wanda ya kalli 1917 ya ji ya shiga ransa, to yawanci yadda aka ɗauki hoton ne ya kama shi.

Sam Mendes ne ya ba da umarnin fim ɗin, ya fito a 2019. Sojojin Ingila biyu aka aika da saƙo a Yaƙin Duniya na Ɗaya, su je su hana wani hari da zai halaka mutum 1,600. Kyamara na biye da su tun daga farko har ƙarshe kamar ba a taɓa yankewa ba, alhali guntu-guntu aka ɗauka aka ɗinke. Mai ɗaukar hoton, Roger Deakins, ya ci kyautar Oscar da shi.

To dabarar ita ce ka bi sunan darakta da na mai ɗaukar hoto, ka bar bin sunan jarumi. Su biyun nan tun 2005 suka yi Jarhead, kan yaƙin Tekun Fasha na 1991. Harbi kaɗan ne a ciki, amma wurin da rijiyoyin man Kuwait ke ci da wuta cikin dare, baƙin mai na zubo wa sojoji kamar ruwan sama, wallahi ya isa kallo.

Saving Private Ryan na Steven Spielberg, 1998, wani salo ne daban. Janusz Kaminski ya sa an riƙe kyamara a hannu tana girgiza, aka dusashe launi, har saukar sojojin Amurka a gaɓar Omaha ranar 6 ga Yuni 1944 ta zama kamar tsohon hoton labarai. Shi ne kuma ya ɗauki War Horse a 2011.

Dunkirk na Christopher Nolan, 2017, magana kaɗan ce, labari uku a haɗe: mako ɗaya a ƙasa, yini ɗaya a teku, awa ɗaya a sama. Akwai kuma All Quiet on the Western Front na Jamus, 2022, a Netflix.

Ni dai wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Come and See na Elem Klimov, 1985. Yaro ne a Belarus lokacin mamayar Jamus. Kyamara na tsayawa cak a kan fuskarsa, kana kallo yana tsufa cikin 'yan kwanaki. Kada ka kunna shi gaban yara fa.

Na kusa da gida shi ne Beasts of No Nation, 2015, da aka ɗauka a Ghana, kan yaran da ake sa wa bindiga a hannu. Cary Fukunaga ne darakta, shi ne kuma mai ɗaukar hoton.

Idan za a tura maka, ka ce a ba ka mai nauyi, ko da zai ci wuri. Wanda aka matse don ya yi sauƙi, wuraren dare duk baƙi ƙirin za ka gani, kuma a 1917 wurin da ya fi kyau cikin dare yake, inda sojan ke gudu a rusasshen gari hasken wuta na tashi sama.