FATSAR BATURE DA KOMAR BAKABE: TARIHIN SU A FARKON DAMINA A ƘASAR KONA

A wannan fitowa filinmu na tarihi zai gangara bakin ruwa ne. Duk wanda ya zauna a Kona ko cikin Jalingo ya san abin da ke faruwa in ruwan farko ya sauka a watan Afrilu zuwa Mayu. Kogin Lamurde, wanda da rani yaro kan tsallake shi da ƙafa, sai ya farka, ruwa ya yi ja, yara su ɗauki fatsa, manya su saɓa birgi. To, a daidai wannan lokaci, can a Ingila ma akwai masu ɗaukar fatsa su nufi kogi. Wata ɗaya ne, sana'a ɗaya ce, amma akwai bambanci babba a tsakani, kuma wannan bambanci ya shafi abincinmu da zaman lafiyarmu.

FATSAR TURAWA

Akwai wani kifi na ƙasashen sanyi da ake kira tirawut. Ya fi son ruwa garai-garai mai sanyi, mai gudu a kan tsakuwa, kuma yawancin abincinsa ƙwari ne. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni wani ƙwaro mai fiffike kan ƙyanƙyashe daga ƙarƙashin ruwa, ya taso da yawan gaske, kamar dai yadda shinge ke fitowa a nan bayan ruwan sama. Sai kifin ya taso sama yana cafka. Da masunta suka lura da haka, sai suka riƙa ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaron. Ba tana, ba dalma. Nauyin igiyar kanta shi ke kai ƙugiyar nesa, ta sauka a hankali bisa ruwa, kifi ya zaci ƙwaro ne.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wani marubuci na zamanin Rumawa mai suna Iliyan ya ba da labarin mutanen Makidoniya suna yin ta wajen shekara ta 200 Miladiyya. A Ingila kuwa kogunan Test da Itchen da ke kudancin ƙasar su ne suka yi suna da ita. Turawan mulkin mallaka sun so ta har suka yi ta yawo da ƙwan kifin a jirgin ruwa. A 1905 wani Bature, Ewart Grogan, ya kai shi Kenya, aka zuba a kogunan tsaunukan Abadiya, ya kuwa rayu saboda sanyin wurin. Amma kwarin Binuwai fa? Ina! Kifin da ke fara galabaita in zafin ruwa ya wuce digiri 20, yaya zai yi da ruwan bazararmu?

Duk da haka dabarar ta iso makwabtanmu. A kogin Faro na Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai gabas da Yola, baƙi daga ƙasashen waje kan zo da rani su kama giwan ruwa da tsage da irin wannan fatsa, su auna, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Mai karatu zai ce wannan ai wasa da abinci ne. To, a dakata tukuna.

MASU RUWA NA ASALI

Kafin a yi maganar masuntanmu, wajibi ne a faɗi gaskiya: mun tarar da ruwan nan da masu shi. Mutanen Kona reshe ne na Jukunawa, suna kiran kansu Jiba, sarkinsu kuwa Kuru ne, kuma sun riga garin Jalingo zama a wannan wuri da nisa. Kogin Lamurde daga duwatsun Mumuye yake gangarowa, ya haɗu da Mayo Gwoi, ya bi ta ƙasarsu ya faɗa Binuwai. A kan Binuwai ɗin kuwa akwai Wurbawa, wato Jukunawan ruwa, da mutanen Jen, da Bachama can sama wajen Numan. Waɗannan mutane kowane tafki sun san mai shi, kuma ba a faɗa masa sai ranar da dattawa suka buɗe. Tafkin Nwonyo na Ibi shi ne misalin da kowa ya sani, inda jama'a kan taru a yi su na gayya rana guda.

Masarautar Muri ta kafu a 1817 a hannun Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe. An daɗe ana gwabzawa tsakaninta da Kona ba a ci garin ba, sai a ƙarshen 1892, lokacin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya sami taimakon wani hafsan Faransa, Laftanar Mizon, wanda ya hauro Binuwai da jiragensa da igwa. Kona ta faɗi, an yi asarar rayuka, an kwashi mutane da yawa. A 1893 sansanin yaƙin da sarki ya kafa kusa da ita ya zama Jalingo. Wannan tarihi ne mai ɗaci ga makwabtanmu, bai kuwa kamata ɗan ƙungiyarmu ya jahilce shi ba, domin wanda ka san ciwonsa shi kake iya zama da shi lafiya.

ZUWAN MASUNTANMU

Fataken Hausa sun daɗe suna ratsa ƙasar Muri, amma kafuwar Jalingo da buɗewar tashoshin jirgin ruwa irin su Ibi da Lau a zamanin Turawa su suka sa da yawa suka sauke kaya suka zauna. Bayan 'yan koli da mahauta da malamai, sai masunta suka biyo, musamman Kabawa da Sarkawa daga ƙasar Kabi, mutanen da bukin Argungu ya fito da sunansu tun 1934. Da farko cin rani suke zuwa, su kafa bukkoki a kan yashi, su yi banda, su koma gida in ruwa ya kawo. Daga baya wasu suka auro, suka yi gona, suka zama 'yan gari.

Sun zo da kayan aikinsu: koma da gora, da birgi, da taru, da kalli, da mamari mai ƙugiyoyi barkatai. Sun kuma zo da sunayen da har gobe ake ciniki da su a kasuwa: tarwaɗa, ramboshi, ƙurungu, karfasa, bargi, yauni, ragon ruwa, giwan ruwa. Amma abu mafi daraja da suka zo da shi ladabin ruwa ne. Bakabe ya taso ya ga an rufe Matan Fada shekara guda cur, ba mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Saboda haka in ya sauka baƙon wuri, sai ya nemi mai ruwa, ya kai gaisuwa, ya ji ranar da ake shiga da wurin da ba a taɓawa. Ka ga ashe al'adarsa da ta masu masaukinsa sun zo ɗaya, shi ya sa aka zauna lafiya.

ABUBUWAN DA SUKA CANJA

Abu na farko zaren roba ne. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 ragar nailan ta kori ta zaren gida wadda ke ruɓewa, sai mutum ɗaya ya iya kama abin da goma ke kamawa da. Na biyu fari ne. Farin 1973 da na 1984 sun janye Tafkin Chadi, suka busar da fadamun Arewa, masunta da yawa suka kwararo Binuwai da kogin Taraba da na Donga. Na uku madatsar Lagdo ce da Kamaru ta gama a 1982. Tun daga nan cikar Binuwai ta daina bin tsohon lissafi: wata shekara ruwa ya kasa shiga fadamun da kifi ke haihuwa, wata kuma a sako shi ya ci gari, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Na huɗu kuwa, ranar 27 ga Agusta 1991 aka ciri Jihar Taraba daga Gongola, Jalingo ta zama babban birni, gidaje suka miƙe har suka taɓo Kona. Baki ya yi yawa, tifofi suka shiga kwasar yashin Lamurde, shara ta sami wurin zuwa.

Daɗin daɗawa sai ga masu zuba gamalin a ruwa, maganin ƙwarin gona da ke kashe babba da yaro, har da wanda ya ci. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa mai lamba 108 ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, amma doka a takarda ba ta tsare tafki in jama'a ba su tsare ba.

INDA BAMBANCIN YAKE

Yanzu mu koma kan Bature da fatsarsa. Shi tirawut da hunturu yake zuba ƙwai, kuma a watannin nan dokar Ingila ta rufe kamunsa a koguna. Kafin Mayu ya gama haihuwa, ya murmure, sannan ake shiga. Mu kuwa namu kifin akasin haka ne. Ruwan farko shi ne kiran haihuwa. Tarwaɗa da kawara da sauransu sai su bar Binuwai su hauro ƙananan koguna irin Lamurde, ciki cike da ƙwai, suna neman ciyawar da ruwa ya rufe. A lokacin ne suka fi sauƙin kamu, a lokacin ne kuma kamunsu ya fi ɓarna. Wanda ya tare bakin rafi da raga mai ƙananan idanu a watan Yuni, wallahi iri ya cinye, kamar manomin da ya daka irin shuka ya yi fura.

Ba muna cewa a hana yaro fatsarsa ba, ko magidanci ya kamo na miya. Fatsa ɗaya kifi ɗaya take ɗauka. Abin da muke kira a kai shi ne, shugabannin masuntanmu su zauna da fadar Kuru da ta Sarkin Muri da ma'aikatan kula da kifi na jiha, a tsayar da watannin da za a ɗaga taru da ƙaramar raga, a kuma tona asirin mai guba ko ɗan wane ne. Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, amma mu da muka binne iyaye a nan, muka haifi jikoki, mun wuce raɓa. In ruwan nan ya mutu, tare da mu zai mutu. Kifi na ganinka, mai jar koma, makwabci ma yana ganinka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da makwabtanmu, amin.