Neman Kushewar Kakanni a Masarautar Haɗejiya

Gabatarwa

A ƙasar Haɗejiya ba a saba rubuta suna a kan kabari ba. Mafi yawan magabatanmu an rufe su ne bisa tsarin Musulunci, aka tara ƙasa, aka sa tsingaro ko reshen itace don alama. Bayan 'yan damuna alamar kan ɓace. Saboda haka mai neman inda kakansa yake kwance, salsala da bakin dattawa su ne madogararsa ta farko.

Abin da ke kawo wahala

Garuruwan da ke gaɓar Kogin Haɗejiya sun sha tashi. Ambaliya kan kori mutane daga fadama zuwa tudu, su bar kufai da maƙabartarsa a baya. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin zuwan ruwa ya canja, ciyawar kacalla kuma ta toshe wasu hanyoyinsa. Ambaliyar 2022 ta sake raba iyalai da dama da matsuguninsu. Yaƙi ma ya warwatsa jama'a, musamman a zamanin Sarki Buhari, wanda ya rasu a 1863, da kuma yaƙin 1906 da Turawa, inda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya kwanta dama tare da mutanensa masu yawa.

Matakan bincike

1. A fara daga gida. A rubuta sunayen kakanni bi da bi, da laƙabinsu da sana'arsu da sunan garin da suka baro. Kada a manta da tsofaffin mata, domin su ne suka fi riƙe dangantakar aure.

2. A kimanta shekarar rasuwa. Tsofaffi ba sa lissafi da kalanda. Sukan ce zamanin sarki wane, ko shekarar wata yunwa ko ambaliya. Jerin sarakunan Haɗejiya, tun daga Sarki Sambo da ya hau gadon sarauta a 1808, zai taimaka a gane lokacin.

3. A tuntuɓi mai unguwa ko bulama, da dagaci da limami da masu haƙar kabari. Su ne suka san tsohuwar maƙabarta da ɓangaren da kowane gida ke rufe mamatansa. A tuna cewa a da akan rufe wasu malamai da masu sarauta a cikin gida.

4. A duba takardu. Rubutun ajami a bangon littattafan gado, da takardun rabon gado na kotun alƙali, kan ambaci sunaye da garuruwa. Da yake Haɗejiya tana ƙarƙashin Kano kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, tsofaffin rahotannin gundumomi suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Suna da amfani wajen gano ƙauyen da ya tashi ko ya canja suna.

Idan an gano wurin

Sau da yawa abin da za a iya tabbatarwa shi ne maƙabartar, ba ainihin kabarin ba. Wannan ya wadatar ga mai ziyara da addu'a. Ba a tono don neman tabbaci. Idan wurin ya zama gonar wani, kada a yi sa-in-sa, a kai magana gaban dagaci ko hakimi.

Kira ga shugabanni

Muna kira ga hakimai da jami'an ƙananan hukumomi takwas na masarautar, wato Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, da su rubuta sunayen tsofaffin maƙabartu da kufai, su kuma shata iyakarsu kafin noma ko gini ya cinye su. Muna kuma tunatar da iyalai su riƙa yin rajistar mutuwa a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Duk dattijon da ya rasu ba a ɗauki bayaninsa ba, ya tafi da sanin da babu mai maido shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu zuwan.