Azurfar Hotak: shekara bakwai a gadon sarautar Isfahan

Idan aka ajiye kuɗin azurfa na Shah Sultan Husain, sarkin Safawiyya na Farisa, kusa da na Mahmud Hotak, mai kallon sama-sama zai ce daga maƙera ɗaya suka fito. Kuma kusan haka ne: duka abbasi ne, kuɗin da ya ci sunan Shah Abbas, da baitin Farisanci na yabon sarki da sunan birnin Isfahan. Sai an juya bayansu bambanci ke bayyana. Sarakunan Safawiyya 'yan Shi'a ne, suna ƙara ambaton Sayyidina Ali a kalmar shahada. Na Mahmud kuwa shahada ce irin ta Ahlus Sunna, da sunayen halifofi huɗu a kewaye.

Mafarin mulkin Hotak Kandahar ne. A 1709 Mirwais Hotak, jagoran ƙabilar Gilzai, ya kashe gwamnan Safawiyya, Gurgin Khan. Ɗansa Mahmud ya karya rundunar Farisa a Gulnabad a 1722, ya yi wa Isfahan ƙawanya har yunwa ta ci mutane, Shah Sultan Husain ya fito ya miƙa masa sarauta. A 1725 aka kashe Mahmud, ɗan baffansa Ashraf ya hau. Shi ma a 1729 Nadir, kwamandan rundunar Safawiyya, ya fatattake shi a Damgan. Wani reshen gidan ya riƙe Kandahar har 1738.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda waɗannan baƙi suka ɗauki kasuwa da muhimmanci. Sun taɓa aƙidar da ke jikin kuɗin, amma suka bar harshen da tsarin da ɗan kasuwar Isfahan ya sani. Sun gane cewa kuɗin da fatake suka ƙi karɓa ba ya biyan soja.

Ƙarancin kuɗin Hotak ne ya sa masu tara tsoffin kuɗi ke rububinsu yau. Shekarun hijira da ke jikinsu ba su wuce 1135 zuwa 1142 ba, kuma akasarinsu bugun Isfahan ne. Da hannu aka buga su, don haka sau da yawa hatimin kan kauce, shekarar ta faɗa wajen da'ira. Wasu kuma an huda su an yi sarƙar wuya. Wanda ya sami abbasin Ashraf da shekara a bayyane, ba huda ba goguwa, ba kasafai yake yarda ya sayar ba.