Yadda Yaƙin Jamus Ya Iso Garwa

Yaranmu na Garwa Faransanci suke koyo a makaranta, na Yola kuwa Turanci, ko da yake kogi ɗaya muke sha, da Filatanci da Hausa kuma muke ciniki a kasuwannin duka biyu. Turawa ne suka raba ƙasar Adamawa a kan takarda cikin 1893, Yola ta faɗa rabon Ingila, Garwa da Marwa da Ngaundare suka faɗa rabon Jamus. To, ina Jamus suka tafi, yaya kuma Faransa ta gaje su? Amsa tana cikin labarin Yaƙin Duniya na Farko, wanda tsofaffinmu suka sani da sunan Yaƙin Jamus.

Tushen abin a Turai yake. Cikin 1871 Jamus ta ci Faransa da yaƙi, ta ƙwace mata lardunan Alsas da Loren, Faransa kuwa ba ta manta ba. Daga baya Jamus ta shiga ƙera manyan jiragen ruwa na yaƙi, hankalin Ingila ya tashi, gama teku ce garkuwarta. Kowa ya nemi abokin ƙawance. Jamus ta haɗa kai da Ostiriya, Faransa ta haɗa kai da Rasha cikin 1894, sa'an nan Ingila ta shirya da Faransa cikin 1904, da Rasha cikin 1907. Har ƙasarmu ta shiga cikin cinikinsu, domin cikin 1911 Faransa ta ba Jamus ƙasa mai faɗi aka ƙara a kan Kamaru, don Jamus ta ƙyale ta da Maroko.

Ran 28 ga Yuni 1914 wani saurayi Basabiye mai suna Gabrilo Pirinsip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya da matarsa a birnin Sarayebo. Ostiriya ta ɗora laifi a kan Sabiya, ta ɗaura mata yaƙi ran 28 ga Yuli. Rasha ta tashi taimakon Sabiya, Jamus ta tashi taimakon Ostiriya, ta ratsa ta Beljiyam don ta auka wa Faransa. Ran 4 ga Agusta Ingila ta shiga. Cikin mako guda wuta ta kama ko'ina.

Hausawa sun ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Wannan kuwa bai bar kakanninmu su yi kallo ba. Tun 1901, sa'ad da suka kori Lamiɗo Zubairu a nan Garwa, Jamus suka mai da garin mazaunin sojansu na arewa, suka gina ganuwoyi a kan tuddai. Kafin Agusta 1914 ta ƙare, Kanar Maclear ya taso daga Yola da sojan Nijeriya, suka gwabza a Tepe ran 25 ga wata, sa'an nan suka faɗa wa Garwa da daren 29. Suka ci ganuwa guda. Da gari ya waye Jamus suka komo musu da bindiga mai ruwa, aka kashe Maclear da hafsoshinsa da dama, saura suka koma Yola.

Kyaftin von Crailsheim, shugaban sojan Jamus na Garwa, ya sami watanni yana ƙara shiri. Aka kewaye ganuwoyi da waya mai ƙaya, aka haƙa ramuka aka kakkafa masu a ciki. Cikin Afrilu 1915 har ya kai hari Gurin, cikin ƙasar Yola. Amma Ingilishi da Faransawa suka haɗa ƙarfi, Kanar Cunliffe daga Yola, Kanar Brisset daga wajen Cadi. Aka sauko da igwa daga jirgin yaƙin Ingila mai suna Challenger, aka hauro da ita ta Kwara da Binuwai. Faransawa ma suka kawo tasu. Daga 31 ga Mayu suka yi ta matsowa da dare suna haƙa ramuka, da rana igwa tana aiki. Sojan Jamus baƙar fata suka firgita, waɗansu suka nemi tsira ta kogi, ruwa ya ci da yawa daga cikinsu. Ran 10 ga Yuni 1915 aka ɗaga farar tuta, Garwa ta fita hannun Jamus.

Daga nan hanya ta buɗe. Ngaundare ta faɗi a ƙarshen Yuni, Banyo cikin Nuwamba bayan faɗa mai zafi a kan dutse. Can kudu Duwala ta riga ta faɗi tun Satumba 1914, aka kuma kwashe Jamusawa da yawa daga ƙasar, har da masu wa'azin bishara da malaman makaranta. Ran 1 ga Janairu 1916 aka shiga Yawunde, Gwamna Ebermaier da sauran sojansa suka tsere ƙasar Riyo Muni ta Sifen.

Saura Mora kaɗai, cikin ƙasar Mandara. Kyaftin von Raben ya hau dutse da sojansa tun Agusta 1914, aka kewaye su. Ƙishirwa da yunwa suka matsa musu, har suka yanka dawakinsu da jakunansu suka ci. Ranar Kirsimati ta 1914 ɓangarorin biyu suka yarda aka ajiye bindiga, sa'an nan aka koma harbi. Sai ran 18 ga Fabrairu 1916, da ya tabbata Kamaru duka ta tafi, von Raben ya sauko. Ya nemi a bar sojansa su koma garuruwansu lafiya, a kuma ranta masa kuɗi ya biya su albashi, aka yi masa haka.

A Turai kuwa yaƙi yana tsakiya. Cikin 1916 kaɗai dubban ɗaruruwa suka mutu a Bardun da bakin kogin Som. Aka ɗebi sojan Nijeriya aka kai su Afirka ta Gabas su yaƙi Jamus a can. Cikin 1917 Amurka ta shiga, Rasha kuwa ta yi juyin mulki, daga baya ta fita. Jamus ta gaji, aka tsai da wuta ran 11 ga Nuwamba 1918. Soja wajen miliyan 9 suka halaka, ban da talakawa. A bayansu annobar mura ta zagaya duniya, ta iso ƙasashenmu.

Ingila da Faransa sun raba Kamaru tun 1916, Faransa ta ɗauki wajen kashi huɗu cikin biyar, har da Garwa. Cikin 1922 Majalisar Ƙawancen Al'ummai ta tabbatar musu da riƙon amana. Kamaru ta Faransa ta sami mulkin kai ran 1 ga Janairu 1960 a hannun Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa. Cikin 1961 aka yi ƙuri'a a rabon Ingila, su Mubi da Dikwa suka bi Nijeriya, kudu ta bi Kamaru.

Littattafan Turawa sun riƙe sunayen hafsoshi. Amma yawancin waɗanda suka harbi juna a tuddan Garwa baƙar fata ne, Bahaushe ko Bayarabe a wannan rami, mutumin kurmin Kamaru a wancan, ba wanda ya taɓa ganin Sarayebo. Ga kuma 'yan dako da aka tara ta hannun sarakuna, suka ɗauki harsashi da abinci a kai, da ƙauyawan da aka kwashe musu dawa da shanu. Sunayensu sun ɓace, mu ne kuwa jikokinsu. In muka bi ta bakin Binuwai mu tuna da su, mu kuma koya wa yaranmu kada su yi saurin amsa kiran yaƙi. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.